Aƙida ko Asabiyya? Nazari a kan Littafin Maximum City na Suketu Mehta

Bahaushe ya san Indiya tun kafin ya san inda take a taswira. Fiye da shekara hamsin ke nan finafinan Bombai suna shigo mana, har waƙoƙinsu suka ratsa cikin namu, wasu masu bege ma suka ari karin sautinsu suka yabi Manzon Allah (SAW) da shi. Daga baya aka ƙara da zuwa asibiti da neman karatu. Duk da wannan doguwar cuɗanya, idan ka tambayi ɗalibi a darasin kwatanta addinai me ya sani game da addinin Hindu, amsa ba ta wuce biyu: ko ya ce masu bautar saniya ne, ko ya ce su ne masu kashe Musulmi. Amsar farko ragowar fim ce, ta biyu kuwa ragowar labaran rediyo. Wannan ne ya sa na ga dacewar a yi nazarin littafin da ya shahara a kan birnin da finafinan nan suke fitowa, don a ga abin da zai iya koya mana da kuma inda zai iya ɓatar da mu.

Littafin shi ne Maximum City, wanda Suketu Mehta ya wallafa da Ingilishi a 2004, mai shafi sama da 500. An haifi marubucin a Kalkata a 1963, ya tashi a Bombai cikin dangin Gujaratawa masu fataucin lu'ulu'u, iyayensa suka ƙaura da shi Amurka a 1977 yana ɗan shekara 14. Bayan shekara 21 ya komo da iyalinsa, ya zauna a birnin sama da shekara biyu yana bin mutane da littafin rubutu: 'yan jam'iyyar Shiv Sena, 'yan sanda, 'yan daba masu kisa a biya su, mata masu rawa a mashaya, masu shirya fim. Ya kasa littafin kashi uku, na mulki da na jin daɗi da na sauye-sauyen rayuwa. Kashi na biyu ba shi da wani amfani ga mai karatun addini, kuma akwai batsa a cikinsa da ba zan ba ƙaramin ɗalibi shawarar ya karanta ba. Maganarmu tana kan kashi na farko da ƙarshen na uku.

Babin da ya fi kowane ƙarfi shi ne wanda ya kira Powertoni. Kalma ce da 'yan unguwa suka lanƙwasa daga sunan takardar wakalci a dokar Turawa, wato abin da malaman fiƙihu suke kira wakala. Ma'anarta a bakinsu ita ce ikon da talaka yake ji a jikinsa idan ya san cewa da sunan shugaba yake aiki. A cikin wannan babi wani matashi da marubucin ya kira Sunil ya ba shi labarin yadda a watan Janairun 1993, bayan an ƙona wasu 'yan Hindu shida a wani gida da ke unguwar Jogeshwari, shi da abokansa suka tare wani Musulmi mai sayar da burodi a kan keke, suka zuba masa fetur suka cinna masa wuta. Ya san mutumin, kullum a wajensa yake sayen burodi. Mehta bai tsaya a kan firgicin labarin ba. Ya ci gaba da bin Sunil shekara da shekaru, ya nuna shi yana harkar haɗa wa gidaje wayar talabijin, yana kula da 'yarsa, yana hawa matakan jam'iyya. Mai karatu ba ya samun sauƙin cewa wannan dodo ne. Mutum ne kamar maƙwabcinsa, kuma abin tsoron ke nan.

Abin da babin ya fito da shi, ko da marubucin bai jera shi yadda masanin tarihi zai jera ba, shi ne cewa wannan wuta ba daga wurin ibada ta taso ba. Bayan samun 'yancin kai, masu harshen Marathi sun yi gwagwarmayar neman jiha tasu wadda Bombai za ta zama babban birninta. 'Yan sanda sun harbe sama da mutum 100 a cikin wannan fafutuka, kafin a raba tsohuwar jihar Bombai gida biyu ranar 1 ga Mayu 1960, Maharashtra da Gujarat. Maratawa suka samu birnin a takarda, amma suka waiwaya suka ga kasuwa tana hannun Gujaratawa da Farisawa da Marwari, aikin ofis kuma yana hannun mutanen kudu masu jin Ingilishi. Mehta ya yi adalci a nan, domin ya faɗi da bakinsa cewa a gidajen irinsu Bamarate bara ne mai wanke-wanke, har suna da sunan raini da suke kiransa da shi. Ruwa ba ya tsami banza. A cikin wannan ɓacin rai ne Bal Thackeray, mai zanen barkwanci a jarida, ya kafa Shiv Sena ranar 19 ga Yuni 1966. Abokan gabarta na farko ba Musulmi ba ne. Mutanen kudancin Indiya ne, waɗanda galibinsu 'yan Hindu ne masu bautar abin da Thackeray yake bauta wa. Su aka fara farfasa wa gidajen abinci. Bayansu aka juya kan 'yan gurguzu na ƙungiyoyin ƙwadago. Sai a shekarun 1980, bayan yajin aikin masaƙu na 1982 ya durƙusar da masana'antar da ta ɗauki ma'aikata kusan 250,000, jam'iyyar ta rungumi aƙidar fifita Hindu da gaske, ta ƙulla ƙawance da BJP a 1989.

Wanda ya karanta Muƙaddima ba zai ga baƙon abu a nan ba. Yawancinmu mun riƙe cewa Ibn Khaldun ya ɗora asabiyya a kan ƙauye da jeji, ya ce birni yana narkar da ita. Amma akwai fasali a babi na huɗu da ya keɓe ga samuwar asabiyya a cikin birane, inda ya bayyana yadda mutanen gari suke rarrabuwa ƙungiya-ƙungiya idan hukuma ta yi rauni, har wani lokaci jagoranci ya faɗa hannun wanda ya tara 'yan tasha da gama-garin mutane. Shiv Sena ta ginu a kan ƙananan ofisoshi na unguwa-unguwa. Nan ake kai ƙarar mai gidan haya, nan ake neman motar asibiti da gurbin makaranta da takardar neman aiki. Inda hukuma ta gaza, su suka tsaya, kuma wanda ya share maka hawaye ranar da famfo ya ƙafe, da wuya ka ƙi amsa kiransa ranar da ya ce a fito. Sunan jam'iyyar ma na nufin rundunar Shivaji, sarkin Maratawa da aka naɗa a 1674, ba rundunar wani abin bauta ba. Shi kuwa Shivajin nan, ko Khafi Khan, marubucin tarihin daular Mughal wanda ba ya ƙaunarsa ko kaɗan, ya shaida cewa ya hana sojojinsa taɓa masallaci da Alƙur'ani da mata. Wani abin da ya faru bayan fitowar littafin ya ƙara tabbatar da wannan fahimta: a 2008 magoya bayan Raj Thackeray, ɗan ɗan'uwan Bal da ya ɓalle ya kafa tasa jam'iyyar, sun far wa direbobin tasi da 'yan talla da suka zo daga Uttar Pradesh da Bihar, alhali mafi yawansu 'yan Hindu ne. Mu da muka san rigimar ɗan ƙasa da baƙo, kuma muka san yadda ake yi wa Bahaushe kallon baƙo a garin da kakansa ya haifi ubansa, ba ma buƙatar dogon sharhi.

Sai dai kada wannan ya kai mu ga maganar nan mai sauƙi da ake yawan yi, cewa addini ba shi da hannu, siyasa ce kawai. Bayan rushe Masallacin Babri ranar 6 ga Disamba 1992, rikicin Bombai na Disamba da Janairu ya ci rayuka kusan 900. Hukumar bincike ta Mai Shari'a Srikrishna ta ƙidaya Musulmi 575 da 'yan Hindu 275 a cikinsu, ta kuma ɗora wa Thackeray da jam'iyyarsa alhakin tunzura zagaye na biyu. Ɗaya daga cikin hanyoyin da aka bi shi ne shirya gagarumar bauta a kan titi, da sunan martani ga sahun sallar Juma'a da yake tsallakowa waje saboda ƙarancin masallatai. Daga wajen irin wannan taro ne gungun mutane suka riƙa wucewa zuwa unguwannin Musulmi. Ibada ce ta gaske a siffarta, da fitilu da ƙararrawa da waƙoƙin yabo, aka mayar da ita gangar yaƙi. Shi kansa Srikrishna ɗan Hindu ne mai riƙo da addininsa, kuma gwamnatin Shiv Sena da BJP da ta hau mulki a 1995 ta yi watsi da rahotonsa a 1998. Ita ce kuma gwamnatin da ta mayar da sunan birnin Mumbai, daga sunan abar bautar nan Mumbadevi. Alƙali da wanda ake tuhuma addininsu ɗaya. Ashe tambayar da ta dace ita ce wane ne yake riƙe da addinin, kuma me yake so ya yi da shi.

To a nan ne na fara rabuwa da littafin. Mehta ya nuna mana yadda ake amfani da addinin Hindu, amma bai nuna mana addinin ba. Ɗauki bikin Ganesh, wanda shi ne mafi girma a birnin. Ganesh shi ne abin bautar nan mai kan giwa, wanda suke ɗauka mai kawar da cikas, suke kiran sunansa a farkon kowane aiki. A ƙarshen damina ake shigo da gunkinsa na yumɓu cikin gida, a karɓe shi kamar baƙo, a yi masa abinci, 'yan uwa su taru, bayan kwana ɗaya da rabi ko biyar ko goma a raka shi teku a nutsar. Gaskiya ne cewa fito da bikin kan titi aikin siyasa ne tun asali. Bal Gangadhar Tilak ne ya yayata shi daga 1893 zuwa 1894, don ya tara jama'a a idon Turawan mulkin mallaka, kuma don ya janye 'yan Hindu daga jerin gwanon Muharram da suka saba shiga tare da Musulmi. Wannan fuska ta nuna ƙarfi ita ce ta fi ɗaukar hankalin marubucin. Amma tsohuwar da take kuka ranar da za a fitar da gunkin daga ɗakinta mai faɗin tabarma uku, me take ji? Me take tsammani zai same ta bayan mutuwa? Littafin bai zauna da ita ba.

Akwai kuma wata fuskar addinin Maratawa da ta girmi Shiv Sena da ƙarnoni, wato tafarkin Warkari. Mabiyansa suna jingina kansu ga Dnyaneshwar, wanda ya yi sharhin Bhagavad Gita da harshen Marathi a ƙarshen ƙarni na 13, da Tukaram na ƙarni na 17. Ba sa cin nama, suna rataya carbin itacen tulsi, kuma duk shekara dubban ɗaruruwansu suna tattaki na kusan mako uku zuwa Pandharpur. Mafi yawan masu kai abincin rana na Mumbai, waɗanda a da sun kai mutum kusan 5,000 masu ɗaukar kwanuka kusan 200,000 kullum daga gidaje zuwa ofisoshi a kan keke da jirgin ƙasa, daga cikinsu suke, kuma suna ɗaukar ciyar da mutane a matsayin bauta. Ga alfahari da harshe, ga addini, ga rayuwar yau da kullum, duk a jikin mutum ɗaya, ba tare da ya ƙona kowa ba. Da a ce marubucin ya ba ɗaya daga cikinsu babi guda, kamar yadda ya ba mai rawar mashaya shafuka masu yawa, da hoton ya sauya. Abin mamaki, wuri ɗaya da ya tsaya ya saurari mai imani da natsuwa shi ne labarin wani attajirin lu'ulu'u da ya rabar da dukiyarsa, shi da matarsa da 'ya'yansa suka shiga zuhudu. Babi ne mai kyau ƙwarai, sai dai mutumin mabiyin addinin Jain ne, daga irin da'irar fataucin da marubucin ya fito. Da ya zo neman tsoron lahira, sai ya nema a cikin danginsa. Bamarate kuwa ya bar shi da fushi da kwalbar fetur. Ina ganin rainin yarinta da ya yi iƙirari da shi bai gama fita daga alƙalaminsa ba.

Idan aka auna wannan da abin da magabatanmu suka yi, sai mutum ya ji kunya a madadin zamani. Kusan shekara dubu da ta wuce, wajen 1030, Abu Raihan al-Biruni ya kammala Tahƙiƙu ma lil Hind. Ya koyi harshen Sanskrit, ya zauna da malamansu, ya fassara littafin Patanjali zuwa Larabci, ya kuma bayyana tun a gabatarwa cewa littafinsa na hakaitowa ne, ba na jayayya ba. Ya rarrabe tsakanin abin da masanansu suke ƙudurcewa game da Ubangiji ɗaya da abin da gama-gari suke yi a gaban gumaka. Ya lura da tsananin alfaharinsu da ƙasarsu da sarakunansu da iliminsu, amma nan take ya ƙara da cewa raina baƙo ciwo ne da babu al'ummar da ta kuɓuta daga gare shi. Bai kuma ɓoye cewa hare-haren Sarki Mahmud na Ghazna, wanda shi kansa yake ƙarƙashin ikonsa, sun dasa ƙiyayyar Musulmi a zukatansu ba. Biruni bai sassauta tauhidinsa ba, mu ma ba a ce mu sassauta ba. Bautar gunki shirka ce a aƙidarmu, babu kwana-kwana. Amma malamai sun daɗe da cewa hakaito kafirci ba kafirci ba ne, kuma aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta kai mu ga barin adalci, kamar yadda aya ta 108 a Suratul An'am ta hana zagin abin da suke bauta wa. Ɗalibin da ya rufe littafin Mehta yana cewa addinin Hindu shi ne Shiv Sena ya yi wa mutum kusan biliyan ɗaya irin zaluncin da muke kuka da shi idan aka ce Musulunci shi ne Boko Haram.

Matsala ta biyu ta riwaya ce. Kusan duk abin da ke cikin babukan mulki ya fito ne daga bakin mutanen da suke alfahari da laifinsu, a gaban baƙon da ya zo daga Amurka da na'urar rubutu, sau da yawa a majalisar shaye-shaye, kuma an sauya sunayen da yawansu. A ma'aunin malaman hadisi wannan riwayar fasiƙi ce, wanda kuma aka sakaya sunansa, illa biyu a isnadi ɗaya. Ba ina cewa Sunil ƙarya ya yi ba, domin rahoton Srikrishna ya tabbatar da aukuwar irin waɗannan kashe-kashe. Amma ɗan daba yana da dalilin ƙara gishiri, marubuci kuma yana da dalilin barin gishirin, tunda shi ke sayar da littafi. Akwai kuma tambayar da Mehta ya taɓa bai warware ba: mene ne hukuncin wanda ya ji iƙirarin kisa, ya rubuta, ya ɓoye mai shi, ya ci gaba da cin abinci da shi? Ban ce amsar tana da sauƙi ba. Da bai yi alkawarin sirri ba, da ba mu ji komai ba.

Musulmin birnin ma ba su tsira daga wannan son abin mamaki ba. Su ne kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutanen Mumbai bisa ƙidayar 2011, amma a littafin mafi yawansu ko waɗanda aka zalunta ne, ko 'yan ƙungiyar Dawood Ibrahim da ake zargi da tashin bama-baman 12 ga Maris 1993 da suka kashe mutum 257. Wanda ya yi karatu da Larabci ya san wata Bombai daban. A can ne Makhdum Ali al-Maha'imi, mai tafsirin Tabsirur Rahman, ya rayu ya rasu a 1431, kuma har yau 'yan sandan birnin ne suke fara kai gaisuwa a bikin tunawa da shi na shekara-shekara (hukuncin irin wannan biki wata mas'ala ce, ba ita muke yi ba). A can aka fara buga Ar-Raddu alal Mantiƙiyyin na Ibn Taimiyya a 1949, kuma Darus Salafiyya ta Bombai ta fitar da Musannaf na Ibn Abi Shaiba da yawancinmu muka yi amfani da shi. Wanda yake son wannan ɓangare sai ya nemi Bombay Islam na Nile Green, wanda ya fito a 2011.

Daga cikin hotunan da aka fi tunawa da su a littafin akwai na jirgin ƙasa. Jiragen cikin birnin suna ɗaukar sama da mutum miliyan 7 a rana, cikin cunkoson da ba ya misaltuwa. Mehta ya siffanta yadda wanda ya makara yake bin jirgi da gudu, sai hannuwa su miƙo daga ƙofa su jawo shi, ba tare da an tambayi addininsa ko garinsu ba. Na yarda da hoton, kuma na ga dalilin da ya sa masu sharhi suka so shi. Amma littafin da kansa ya riga ya koya mana cewa hannun da yake miƙa kuɗin burodi kowace safiya shi ne ya riƙe ashana a watan Janairu. Shekara biyu bayan fitowar littafin, ranar 11 ga Yuli 2006, a cikin waɗannan jirage aka tayar da bama-baman da suka kashe kusan mutum 200, kuma birnin bai koma irin rikicin 1993 ba. Wannan hujja ce a gefen Mehta, kuma ba zan hana shi ita ba.

Mai karatu na yau ya sani cewa siyasar da littafin ya siffanta ta sauya. Thackeray ya mutu a watan Nuwamban 2012. A 2019 ɗansa Uddhav ya rabu da BJP ya kafa gwamnati da jam'iyyar Congress, tsohuwar abokiyar gabar ubansa, a 2022 kuma jam'iyyar ta dare gida biyu, kowane ɓangare yana cewa shi ne magajin Thackeray na gaskiya. Idan zan sa littafin a manhajar kwatanta addinai, babin Powertoni kawai zan ba ɗalibai, kuma sai bayan sun karanta babi na farko da na biyu da na sha ɗaya na littafin Biruni.